Wayoyin Jirgin Alhaji da Zogalen Hajiya

Ranar da Hajiya ta gaishe ni da ladabi na san akwai magana.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu a rukunin gidajen Federal Low-Cost da ke Gombe, gajeriya, iyakarta kafaɗata. Ita Bafulatanar Gombe ce, ni kuwa Babarbariya daga Maiduguri, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun ranar da muka sauke kayanmu a gidan hayar nan ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai baiwata. Ni ma ba na raga mata. In na kunna turaren wuta sai ta leƙo ta ce na cika musu unguwa da hayaƙi, ni kuma in tambaye ta ko shanun sun bar mata wurin kwana jiya. A ɓangarenta akwai wata doguwar bishiyar zogale da rassanta suka ranƙwafo cikin gidanmu. Takan jawo turmi ta kife, ta taka ta tsinki ganye. In ta yi dambu sai ta miƙo mini ta saman katanga, ni kuma in mayar da kwanon da abin da na dafa. A shekarun nan da muka gudo daga gida, ana kallon duk wanda ya fito daga Barno da wutsiyar ido, tsokanar Hajiya ce ta sa na ji ina da wurin zama a garin.

Maigidana aikinsa gyaran kayan lantarkin jiragen sama. In mutane suka ji haka sai su zaci wani babba ne. Mutum ne dai mai tabarau, mai filaya a aljihun gaba, wanda in ya sunkuya kan waya ko gobara ake yi sai an taɓa shi. A lokacin yana kula da jirgin wani Alhaji mai fataucin hatsi da auduga, ɗan ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu da farfela ɗaya a hanci, da ake ajiyewa a filin jirgin sama can bayan gari. Tun da hanyoyi suka lalace da tare-tare, Alhaji ya daina yin doguwar tafiya a mota.

Akwai wata na'ura a gaban matuƙi da ke nuna masa inda yake da inda ya dosa ta hanyar tauraron ɗan'adam, wadda suke kira GPS. Ta jirgin Alhaji ta tsufa. Kamfanin da ya ƙera ta ya daina fitar mata da sabuwar taswira, gilashinta kuma ya dushe har sai matuƙi ya kare shi da tafin hannu kafin ya karanta. Aka sayo sabuwa daga Legas, aka ce maigidana ya sauya.

Ni na ɗauka cire wannan a cusa waccan ne, kamar canza rediyon mota. Ashe bakin sabuwar daban yake, wayoyinta daban, sai an saƙa mata damin waya sabo fil. Filin jirgin kuwa sojoji na rufe ƙofa da wuri, wutar rumfar jiragen ba ta da tabbas, ga shingaye a hanya inda ake sauka a ɗaga hannu a wuce a ƙafa. Sai kawai ya yanke shawarar yin saƙar a gida.

Wata safiya na fito daga kicin na tarar da shi a tsakar gida da falankin katako mai girman ƙofa. Ya kafa ƙusoshi layi-layi a jiki, yana bi tsakaninsu da fararen wayoyi yana ɗaure su da zare. Ga batirin mota a gefe. Ga wata 'yar eriya ya ɗora a kan tankin ruwa, wai dole sai ta ga sama. Ga kuma na'urar kanta a kan kujera, fuskarta na haske.

Na ce, "Malam, don Allah ka dubi abin nan da idon wanda bai san ka ba."

Bai ko ɗago ba ya ce, "Waya ce fa kawai."

"Waya, da ƙusa, da batir, da Babarbare a tsugune a kai. Kai ba ka jin labarai ne?"

"Ina da katin shiga filin jirgi. Ina da takardar aiki."

"Wa ka taɓa ji an tambaye shi takarda kafin a jefa shi a bayan mota?"

Ba tsoron banza nake yi ba. A lokacin an sha jin tashin bam a tashoshin mota, ana caje mutum a ƙofar masallaci da ƙofar kasuwa, an kuma baza lambar da za a kira in an ga abin da ba a gane ba. Kira ɗaya ya isa. Na san matan garinmu da aka tafi da mazajensu kan abin da bai kai wannan ba, har yau suna jira. Abin da nake tsoro ke nan: a zo a tafi da shi, in shiga layinsu.

Ya yarda zai shigar da falankin ɗaki. Bai daɗe ba ya sake fito da shi, wai ɗakin da duhu, ba wuta, ba ya ganin lambobin da ke jikin wayoyin. Na yi faɗan har na gaji, na koma ina yafa tsohon zani a kai duk lokacin da ya tashi.

Ina wanke shinkafa wata hantsi na ji ƙarar jan turmi a bayan katanga. Kafin in miƙe, kan Hajiya ya bayyana a cikin ganye. Ta buɗe baki za ta yi tsokanar da ta saba, sai idonta ya sauka kan falankin. Hannunta ya tsaya a jikin reshe. Kamar da gangan, na'urar ta yi wani ɗan ƙara, ƙit-ƙit, alamar ta kama tauraro. Maigidana ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi. Hajiya ta sauka ba ta tsinki ko ganye ɗaya ba.

Washegari muka haɗu a bakin ƙofa. Ta ɗan rusuna ta ce, "Ina kwana, Malama. An tashi lafiya? Ya yara?"

Malama. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwanona mai murfi yana wurinta, na aika mata burabusko a ciki kafin abin ya faru. Bai dawo ba, dambu ma bai sake ƙetare katanga ba.

Daga nan na shiga zargin kowa. Mai shagon kan kwana da ya ba ni sabulu bai ja ni da hira ba, na ce ya ji. Mai tura ruwa ya tsaya yana gyara jarka a ƙofarmu, na ce leƙe yake. Wani keke mai ƙafa uku ya yi ta fakawa a ƙarƙashin darbejiyar layinmu ba ya ɗaukar kowa, na dinga leƙa shi ta tagar kicin har tuwo ya kama. Yaran layin da ke zuwa wasa da nawa suka ɗauke ƙafa. Shi kansa maigidan, da ba ya lura da komai, ya dawo daga masallaci ya ce ya ga kamar na kusa da shi a sahu ya bar 'yar tazara tsakanin kafaɗunsu. Ya faɗa yana dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Zargin bai tsaya a waje ba. Ina da wani ɗan ƙanwar mahaifiyata a Maiduguri, mai gyaran waya, shiru-shiru, kullum a gidanmu yake cin abincin rana. Wata rana aka neme shi aka rasa, daga baya muka ji ya bi masu tayar da bam ɗin nan daji. Uwar da ta haife shi ma ba ta sani ba. Tun daga nan na daina cewa na san mutum. Don haka ranar da maigidana ya fita sayen zare na ɗaga zanin nan na tsaya ina kallon wayoyin, ban fahimci komai ba, kuma rashin fahimtar ya ƙara dagula mini lissafi. Da ya dawo na tare shi.

"Jirgin nan da kake faɗa, ni ban taɓa ganinsa ba."

Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. "Har ke?"

"Har ni. In ni da nake wanke maka kaya na tambaya, sai ka auna abin da na waje ke tunani."

Ya ji zafin maganar, na gani a fuskarsa. Ban janye ba, don a ganina gara ya ji ta daga bakina.

Bayan la'asar ɗin wata Talata aka yi sallama. Mai unguwa ne, wanda a nan ake ce wa Jauro, tare da mijin Hajiya, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, wanda ba ya rabuwa da rediyo a kunne. Ranar bai zo da rediyon ba. Na shimfiɗa musu tabarma na kawo ruwa, na koma bakin ƙofar ɗaki na tsaya. Ba wanda ya taɓa ruwan.

Maigidana ya yaye zanin, ya yi ta bayani. Wannan wayar ta wuta ce, wannan ta eriya, wannan ta tafi ga allurar da ke gaban matuƙi. Ya nuna kati, ya kunna na'urar suka ga taswira da ɗan ɗigo a tsakiya. Yana magana yana jin daɗin aikinsa, bai lura ba cewa duk bayanin da ya ƙara sai mijin Hajiya ya ƙara ja da baya a kan tabarma.

Jauro ya gyara rawaninsa ya ce, "Injiniya, ni ban san waya ba. Abin da na sani, an kawo mini ƙorafi. In ban yi wani abu ba, wani zai yi, kuma nasa ba zai yi kama da nawa ba."

Na san ba a so mace ta tsoma baki a irin wannan zama, amma na tsoma. Na ce, "Baba Jauro, to a kai ku ku ga jirgin mana. Ku ga ramin da abin zai shiga. In ta kama a tashi da ku sama."

Jauro ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce shi ko bene ba ya son hawa. Ya dubi mijin Hajiya ya ce, "Kai ka yi boko, kai za ka je ka gano mana." Sharaɗinsa ɗaya, falankin ya bar unguwa kafin magariba. Da suka fita na ɗauke ruwan na zubar a gindin katanga, ina kallon zogalen, ina cewa a raina na san bakin da ya kai mu.

Maigidana ya kira Alhaji ya gaya masa halin da ake ciki, Alhaji ya ce ba komai. Sauran aikin a rumfar jirage ya ƙarasa shi. Kullum yana dawowa da ciwon wuya, don a kwance yake yini a ƙarƙashin kujerar matuƙi, ƙafafu a waje, yana zaro tsofaffin wayoyi yana shigar da sababbi. Ya cire tsohuwar na'urar da mazauninta, ya ɗaura sabon mazauni, ya sauya eriyar da ke bayan jirgin. Duk kwanakin nan in mota ta rage gudu a layinmu sai na leƙa ta taga.

Da aka gama, matuƙin ya fara tashi shi kaɗai ya gwada, ya sauko ya ce lafiya lau. Sannan aka sa mana rana. Ni ma na ce sai na je, tunda ni na ce ban taɓa gani ba.

Matuƙin wani Batangale ne mai fara'a da yawan surutu, kowa Kyaftin yake ce masa. Shi ya karɓe mu a ƙofa ya yi wa sojoji bayani. Jirgin da na gani ya ba ni kunya don ƙanƙanta, motar ɗaukar yashi ta fi shi cika ido. Tsohuwar na'urar tana kan benci, ƙura ta hau ta. Mijin Hajiya ya ɗauke ta ya jujjuya, ya leƙa cikin jirgin ya ga sabuwar a mazauninta, ya sunkuya ya ga fararen wayoyin nan da ya gani a gidanmu sun bi ta ƙarƙashi. Ya yi tambayoyi masu ma'ana, ba wawa ba ne. Na ga kafaɗunsa sun fara sauka.

Aka zaunar da shi a gaba kusa da Kyaftin don ya ga gilashin da kyau, ni da maigidana a baya. Aka sa mana abin ji a kunne. Da jirgin ya bar ƙasa na damƙe hannun rigar maigidana, na karanto duk addu'ar da na iya. Can na buɗe ido. Ga Gombe a kwance a cikin kwarinta, duwatsu kewaye, ga ramukan zaizaya sun tsattsaga unguwanni. Kyaftin yana nuna wuri a gilashi sannan ya nuna shi ta taga: ga rufin babbar kasuwa, ga itatuwan GRA. Mijin Hajiya har da dariya, wai ashe kasuwar da ke gajiyar da shi ba ta fi tabarma ba. Na ce a raina shi ke nan, mun tsira.

Sai Kyaftin ya ce, "Baba, tsaya ka ga aiki. Ai Injiniya ya sa gidanku a ciki lokacin da yake gwaji."

Na ji maigidana ya sandare a gefena. Ashe ranar da na'urar ta yi ƙit-ƙit ɗin nan a tsakar gida, ya adana wurin a cikinta don ya tabbatar tana riƙe abin da aka ba ta, ya manta bai goge ba. Kyaftin ya danna, wani layi ya fito a gilashin, jirgin ya karkata ya bi shi.

Gidajen Low-Cost daga sama duk ɗaya ne, rufi iri ɗaya, layi bayan layi, ni da kaina ba zan iya nuna namu ba. Amma layin nan bai yi ko gezau ba, ya kai mu kai tsaye. Ga tankinmu. Ga zogalen, ya fi komai tsawo a layin, shi kaɗai ne kore. Ga jan zanin Hajiya a kan igiya.

Muryar mijinta ta shigo kunnena a hankali. "Wato duk wanda ya danna nan, kan gidana zai zo?"

Kyaftin ya ce, "Kai tsaye, Baba. Ko hadari ya rufe ƙasa ba a ganin komai, sai ta kawo shi."

Da alfahari ya faɗa. Da hannuna zai kai da na ranƙwashe shi. A shekarun da kowa ya san abin da jirgi ke saukewa a kan garuruwa, wannan ce maganar da ya ga ta dace ya gaya wa tsoho mai tsoro. Daga nan ya juya jirgin muka koma muka sauka.

Farfela ta tsaya, mijin Hajiya bai kwance bel ɗin kujera ba. Ya juyo ya ce wa maigidana, "Goge shi ina gani." Maigidana ya miƙa hannu ta tsakanin kujeru ya goge, ya nuna masa wurin ba komai. Muka kama hanyar gida a mota. Ina bayan mijin Hajiya ina kallon ƙeyarsa, na kasa gane inda ya karkata. Sai da muka tsaya a ƙofar gida ya ce, "Aikinka gaskiya ne, Injiniya. Zan gaya wa Jauro, ba wanda zai sake damunka." Ya buɗe ƙofar mota, sannan ya ƙara ba tare da ya dube mu ba, "Amma ban ji daɗin abin da na gani ba."

Da safe ƙarar gatari ce ta fito da ni. Ana sare zogalen. Kafin azahar an sauke bulo da siminti, magina sun fara ƙara wa katangar tsawo. Na tsaya a tsakar gida raina na tafasa. An wanke mijina, amma ga ladan da muka samu. Na shirya maganganun da zan gaya wa Hajiya duk ranar da muka haɗu, masu zafi, na jera su tsaf.

Saura ɗan gurbi a tsakiya ba a toshe ba na ji jan turmi. Kanta ya bayyana a gurbin, da kwanona a hannu, an cika shi da ganyen zogale har murfin ya ƙi rufuwa.

Ban miƙa hannu ba. Na ce, "Hajiya, ke kika kai mu wurin Jauro?"

"Ni ce." Ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Shi maigidan nawa lambar soja ya riga ya nemo a wayarsa. Na ce ya bari in idar da salla tukuna. Na zaga ta baya na tafi gidan Jauro da zanin girki a jikina."

Duk maganganun da na jera suka watse. Na ji tsoron da ban ji ba ko a cikin jirgin, don sai a lokacin na san yadda abin ya matso kusa. Na so in gode mata, sai ta ƙara turo kwanon.

Ta ce, "Karɓi mana, hannuna ya gaji, baiwar banza. Ki shanya a inuwa, ba a rana ba. Na san ku, ba abin da kuka iya sai hayaƙi."

Na karɓa da hannu biyu. Maginin yana tsaye da bulo a kafaɗa yana jira. Ta sauka daga turmin, shi kuma ya shafa siminti ya ɗora bulon a inda fuskarta take.